Daminar da Na Sace Ɗana

Bana ma ruwa ya yi mana halinsa. Ya yi jinkiri har shukar fari ta ƙone, da ya tashi zuwa kuma ya ƙi ɗaukewa. Yau kwana huɗu rana ba ta leƙo ba. Itacena ya jiƙe, madafi ya turnuƙe da hayaƙi, ina dama kunun gyaɗa ina share hawaye da bakin zane.

A gidan rainon yara na nan Bagudo nake aiki, ni ce mai tukunya. Mata kan kawo 'ya'yansu da sassafe su wuce fadama ko kasuwa, da yamma su biyo su ɗauka. Mai hali ta kawo mudun gero, marar hali ta zo ta yi mana daka ko wanke-wanke, ba a korar kowa. Yanzu har aji biyu gare mu, ana koyar da baƙaƙe da ƙirga, ga wani ɗan zare mai launi uku da ake auna damtsen yaro da shi. 'Yan matan da ke koyarwa dariya suke mini, wai Gwaggo Dije ba ta yarda da zare ba, sai ta danna ƙafar yaro da ɗan yatsa. Su yi ta dariyarsu. Da irin wannan ruwan, da irin wannan warin jiƙaƙƙen itace, aka koya mini abin da na sani, kuma ba da daɗi na koya ba.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan. Muna zaune a wani ƙauye cikin ƙasar Ka'oje, ƙofar gidanmu tana kallon fadama. Mijina, Malam Garba, manomin shinkafa ne. Ɗana na fari yana da wata goma sha huɗu, yana tsaka da shan nono, na gane ina da wani cikin. Kwanika ke nan, abin da mata ke rufe baki su yi wa dariya a bakin rijiya. Kowa kuma ya yarda nonon mai ciki guba ne ga yaro. Kwana biyu da jin labarin, uwar mijina, wadda muke kira Inna, ta iso daga tungarsu da ke kan tudu daf da iyakar Binin, ta ce ta zo ɗaukar yaro yaye.

Wanda bai tashi a wajenmu ba sai an yi masa bayani. Ɗan fari ba na uwarsa ba ne a idon mutane. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa, ba ki ɗaukarsa gaban surukai sai don nono. In ya faɗi ya fasa baki, ki ci gaba da tankaɗenki har wata ta ɗaga shi. Nawa kuma abin ya zo biyu, don sunan marigayi surukina aka sa masa, Usumanu. Ni dai "yaron nan" nake ce masa. Inna kuwa "Maigida" take kiransa, irin wasan kaka da jika. Ranar da ta fita da shi ina daka, yana miƙo mini hannu yana tsala kuka, ban ɗaga kai daga turmi ba. Matan gida suka yi ta yaba kunyata. Ni kuwa nono ya cika ya jiƙa mini riga har kwana biyar, na riƙa shiga banɗaki ina matsewa ina kuka ba sauti.

Damina ta zo a karkace. An yi shuka, aka yi kwana da kwanaki ba ko ɗigo, gero ya fito ya murɗe ya bushe. Zafi ya yi zafi, har kaji ke buɗe baki a inuwa. Aka sake shuka da ɗan irin da ya rage, wanda da shi ne za mu ci. Daga nan sama ta ɓalle. Rumbu ya riga ya nuna gindinsa, tuwo ya koma sau ɗaya a yini, sannan ya koma kunu, sannan ya koma tafasa da rama da ɗan gishiri. Da safe mu mata mu fita yayyafi na dukanmu mu yi ta tsinkar ganye, mu dawo mu dafa a tukunya guda a raba wa gida uku. Fulanin da ke kawo mana nono sun kora shanunsu nesa saboda ruwa. Maza kan tsallaka Binin da keke su dawo da ɗan garin rogo a ƙullin buhu, shi ne babban abinci.

Duk wannan muna haƙuri, don idonmu yana kan shinkafa. Ta yi kyau waccan shekara, ta yi kore shar har ta fara ciki. Sai kogi ya fara hawa. Kullum da asuba Malam Garba ya je ya kafa kara a bakin ruwa, kafin azahar ruwa ya shanye karan. Cikin mako guda fadama ta koma fari fat, ba ka ganin komai sai kan giginya da tsuntsaye. Ruwa ya shigo gari, katangu suka fara zubewa, ɗakinmu ya tsage daga sama har ƙasa. Muka ɗauki tabarmi da tukwane a ka muka nufi tudu, tungar su Inna. Allah ya gafarta mini, mutane na kukan shinkafa ni ina murna a ɓoye, don zan ga yaron nan bayan wata biyu.

Na same shi zaune a ƙofar ɗakin Inna, an ɗaura masa layu har uku a wuya. Kumatu sun fito, ƙafafu sun yi ɓul-ɓul suna sheƙi, bayan hannunsa ya yi tudu. Matan da muka zo tare suka hau salati.

"Kun gani ko?" in ji Inna, tana washe baki. "Ku yaran zamani ba ku iya kiwon ɗa ba. Wata biyu hannuna, dubi Maigida yadda yay yi. Ku dai ku ce tubarkalla, kar ku sa mishi baki."

Na sunkuyar da kai kamar yadda ya kamata, amma ta wutsiyar ido nake kallonsa. Bai san ni ba, wannan ban damu ba, yaye ya gaji haka. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne bai san kowa ba. Yaron da na sani mai ƙiriniya ne, mai bin kaji da rarrafe. Wannan kuwa inda aka ajiye shi nan zai yini, ƙuda na yawo a bakinsa bai kora ba. Gashinsa baƙi mai murɗiya ya koma ja, ya yi laushi kamar gemun masara. Inna ta jiƙa garin rogo da ruwa ta ɗura masa, ya karɓi biyu ya kau da kai. Ta ce ai ƙoshi ne.

Ina da wani ƙane da ya rasu ina 'yar shekara tara, a wata shekarar yunwa. Ban tuna fuskarsa sosai ba, amma na tuna ƙafafunsa, na kuma tuna yadda mata ke cewa ya yi ƙiba ana saura kwanaki a kai shi makwancinsa. Abin da ya dawo mini ke nan a ƙofar ɗakin Inna.

Rana ta uku da azahar Inna ta fita ɗebo ganye, tsakar gida ba kowa. Na lallaɓa kamar ɓarauniya na tsuguna gabansa na kama ƙafarsa. Sanyi ƙalau. Inda babban yatsana ya danna, wurin ya lotsa, na ɗauke hannu lotsawar ta tsaya tana kallona, ba ta ciko ba. Na ji tafiyar Inna, na yi wuf na koma bakin murhu. Tun daga lokacin tsoro ya zauna mini a ƙirji.

Na sami Malam Garba a bayan gida yana gyaran fatanya, na faɗa masa da murya ƙasa-ƙasa.

"Ke Dije, mi kika so in ce ma Inna?" ya ce, bai ko dube ni ba. "In ce mata ba ta iya riƙon yaro ba? Ita tar rene ni. Abin da babba yah hango, yaro ko ya hau rimi ba shi hango shi."

"Malam, ƙahwatai sanyi gare ta."

"Damana ta, kowa ƙahwatai da sanyi."

Ban ga laifinsa sosai ba. Shi ma yaron ɗan farinsa ne, kunyar da ta ɗaure ni ita ta ɗaure shi.

Kwana tara na yi ina kallon ɗana yana kumbura ban ce uffan ba. Wannan shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba. An ce tsoro na daji kunya na gida, to ni duka biyun a gida suka same ni. Fatar cinyarsa ta fara yin baƙi tana saɓulewa, Inna ta shafa masa man kaɗe ta daina fitar da shi waje, wai idon mutane ya yi masa yawa. A rana ta tara na leƙa ɗakin na ga idanunsa sun kusa rufewa don kumburi, yana numfashi sama-sama.

Na taɓa zuwa kasuwar Bagudo sau biyu, na kuma ga wata rumfar kwano a bayan kasuwa inda yara ke zaune layi da kwanoni. An ce mini wata tsohuwar ma'aikaciyar asibiti ce, Malama Asabe, ta haɗa kai da matan kasuwa suka buɗe wurin, ana rainon yara ana ba su kunu, kuma tana duba waɗanda suka lalace. Iyakar abin da na sani ke nan. Washegari da safe Inna ta tafi gaisuwar mutuwa a tungar da ke kusa, ta bar shi yana barci. Na shiga ɗakin surukata ba izini, na naɗe shi a zanena, na fita ta bayan gida.

Ban san yadda zan kwatanta wannan tafiya ba. Ga ciki wata biyar, ga yaro a kafaɗa ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen buhu, ga laka tana cire mini takalmi har na bar mata su. Ina tafe ina waiwaye. A bakin ruwa wani mai kwalekwale ya dube ni, ya dubi abin da ke hannuna, ya ce in shiga, bai tambaye ni komai ba. Muka bi ta saman gonakin mutane, ina jin kan shinkafa na gogar gindin jirgi. Kowane ɗan lokaci sai in sa kunnena a bakin yaron in ji ko yana nan. Daga can tsallake na sami motar ɗaukar kaya zuwa Bagudo, muka isa bayan la'asar.

Malama Asabe doguwa ce, baƙa, mai gilashi da aka ɗaure ƙafarsa da zare. Ta karɓe shi ta kwantar a kan tebur, ta danna ƙafafunsa biyu lokaci guda, ta buɗe idonsa, ta leƙa bakinsa. Fuskarta ba ta gaya mini komai ba.

"Ɗan wa ne?"

"Na gidanmu ne," na ce.

"Ban tambaye ki gida ba. Wa ta haife shi? Yarinya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ni ce."

"Sunansa?"

Na buɗe baki ya ƙi fita. Sai da ta ɗago ta harare ni ta saman gilashi na ce, "Usumanu." Ranar na fara jin sunan a bakina.

Ta ce ba ƙiba ba ce, ruwa ne ya taru a jikinsa saboda yunwa, cikinsa yana cika da rogo amma jikinsa bai sami abin gina kansa ba. Ta aika aka karɓo magani daga asibiti. Ta haɗa wata madara tsararo da ɗan sukari da ɗan mai, ta ba ni ƙaramin cokali, ta ce kaɗan-kaɗan, ba dare ba rana, in ya ƙi in jira in sake. Ta ce in rungume shi a jikina kada sanyi ya kama shi. Na ce, "Malama, zai tashi?" Ta ce, "Ban sani ba. Kin dai kawo shi, saura na Allah." Ko ƙaryar kwantar da hankali matar nan ba ta iya ba.

A ɗan ɗakin ajiyar hatsi aka ba ni wuri. Da safe mata su kawo 'ya'yansu, rumfa ta cika da hayaniya da waƙa, masu zuwa daka su yi daka, ni ina gefe da cokalina. Wata ta miƙo mini ɗumame, wata ta ara mini zane. Ba wadda ta tambaye ni me ya sa uwa ke rungume da ɗan fari, ko da yake na san sun gane.

Sai kumburin ya fara saɓewa, a nan ne tsoro na gaske ya zo. Kumatun nan suka zube. Ƙafafun suka koma kamar sillen kara, haƙarƙari ya fito ana ƙirgawa, fatar ɗuwawunsa ta yi yaushi tana reto. Malama ta ce haka ake so, ruwan ne ke fita, abin da nake gani yanzu shi ne ainihin yaron. Na ji ta da kunne, amma idona yana gaya mini na ɗauko yaro mai ƙiba na kawo shi inda ake tsotse shi.

Ana cikin haka, rana ta shida, Inna ta iso, laka har gwiwa. Ta tsaya a bakin rumfa tana neman Maigidanta cikin yara, idonta ya wuce ta kansa sau biyu ba ta gane shi ba. Da ta gane, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo ni Allah! Mi kunka yi mishi? Dije, kin sace min yaro lahiya lau kin kawo an shanye shi? Miƙo shi nan, mu tahi gida!"

Ta kama hannunsa. Ni da ban taɓa haɗa ido da ita ba tun da aka kawo ni gidansu, na ji hannuna ya ƙi saki. Na ce, "Inna, ki gahwarce ni. Ba ki tahiya da shi. Ɗana na."

Masu daka suka tsaya da taɓare a sama. Inna ta dube ni kamar na mare ta. Malama ta matso za ta yi bayani, Inna ta ɗaga mata hannu, ta juya ta fita, ta je gindin itacen dogon yaro da ke ƙofar gidan ta zauna. Aka kai mata kunu ta ture. Da magariba ta tafi gidan wata 'yar'uwarta a cikin gari, da sassafe ta dawo gindin itacen. Ba ta shiga, ba ta tafiya, ba ta yi mini magana.

Kwana uku muka yi a haka, kuma ban taɓa jin tsoro irin na kwanakin nan ba, ko ranar da ruwa ya ci gidanmu. In yaron nan ya mutu a hannuna, to ni ce marar kunyar da ta sace ɗa mai ƙiba daga ɗakin surukarta ta kai shi ya mutu a bayan kasuwa. Ba ni da gidan miji, ba ni da fuskar komawa gidanmu. Wannan ma duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, in fa Inna ce ke da gaskiya? Ina ba shi cokali ina roƙon Allah, shi kuwa yana haɗiya kamar ana tilasta masa, idonsa a bango, ko kuka ba ya yi.

A rana ta huɗu da zuwan Inna aka sami sararin ruwa, rana ta fito. Malama ta ce in fito da shi cikin yara ya sha iska. Lokacin abincin rana ne, an zuba musu faten wake da manja. Na zaunar da shi a tabarma na jingina shi da ƙafata, na juya ina wanke cokali. Kusa da shi wata 'yar ƙosasshiyar yarinya ce ke cin nata. Ban ga lokacin da ya miƙa hannu ba. Na dai juyo na ga 'yan yatsunsa tsundum cikin kwanon yarinyar, ya kai baki, ya sake komawa. Ita kuwa ba ta yi wata-wata ba ta ɗauke shi da mari.

Ya tsala ihu. Ihu na gaske, mai fushi, irin wanda rabona da ji tun ranar da aka fita da shi daga gidanmu. Kafin in motsa sai ga Inna a guje, ɗankwali a hannu.

"Wa yat taɓa min shi? Wa?"

Malama Asabe tana dariya har gilashinta na zamewa. Ta ce, "Inna, mijin naki ɓarawo ne, kwanon ɗiyar mutane ya sa wa hannu. Yaron da ya yi sata ya yi kuka, ya tashi in sha Allahu."

Inna ta tsaya tana haki, tana kallonsa yana lasar manja yana shessheƙa. Sannan ta juyo kaina a fusace. "To ke mi kika tsaya kallo? Ba ki ba shi nashi?" Na tashi zan ɗauko kwano, sai kawai na zauna a ƙasa na yi ta kuka gaban surukata da duk matan da ke wurin.

Mun ƙara mako uku. Inna ta dawo cikin rumfa, ita ke yi musu tsintar wake, tana kallon duk abin da Malama ke zubawa a tukunya: gyaɗa, wake, garin busasshen kifi, zogale. Ranar da aka fara ba shi ƙwai ta yi gunaguni wai ƙwai na sa yaro sata, Malama ta ce ai wannan ya riga ya fara tun bai ci ba. Maganar abin da na faɗa wa Inna kuwa, ba ta tayar ba, ni ma ban tayar ba.

Ranar komawa muka fito ƙofar gida, ruwa ya janye, ana jin ƙamshin sabon gero daga gonakin tudu. Na ajiye yaron a gaban Inna na ja baya na sunkuyar da kai, ina jiran ta ɗauki abinta. Sai na ga ta kwance majanyin da ke ɗaure a ƙugunta.

"Juya," ta ce.

Na juya. Ta ɗora mini shi a baya da hannunta, ta zagayo da majanyin ta ɗaure a saman cikina, ta ja ƙullin sau biyu. Ba ta saki ba. Tana tsaye a bayana, inda ba zan ga fuskarta ba, na ji muryarta ta sauya.

"Ukku nib binne da irin wagga ƙiba, Dije. Ukku, kahin Garba. Duk na aza baki na yak kama su, don sun yi kyau."

Ta gyara masa wuya, ta ɗauki ƙullin kayanmu ta aza a kanta, muka kama hanyar bakin ruwa.